Kayan da Mai Koyon Tuƙa Ƙaramin Jirgin Rimot Zai Fara Saya

Duk wanda ya tashi a Samaru ko Palladan ya saba da ƙarar ƙananan jiragen koyo na Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, wadda aka kafa a Zariya a 1964, suna kewaya sararin garin tun da hantsi. A ƙarƙashin wannan ƙara na girma, kuma ita ce ta dasa mini son jirgi, har na kai ga harhaɗa ƙananan jiragen da ake sarrafawa daga ƙasa da rimot. Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda yake karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo mini da hoton wani ɗan jirgi mai siffar jirgin yaƙi a wayarsa, ya ce, "Kawu, wannan nake tara kuɗi in saya, yaya ka gani?" Na ce masa ya ajiye wayar tukuna mu yi magana, domin abin da yake shirin yi shi ne abin da na yi a farkon lamarina, kuma har yau ina jin zafin asarar.

Jirgina na farko irin wannan ne, mai fiffike a ƙasan ciki, mai gudu, mai kyan gani. Na kai shi wata gona bayan Shika da aka gama girbi, na cilla shi sama, ya tafi sumul. Da na juyo da shi ya fuskanto ni, sai na karkata sandar rimot zuwa dama, shi kuwa a idona hagu ya yi, domin jirgin da ke tunkaro mutum damansa ita ce hagun mai kallonsa. Kafin in gane kuskurena ya soka hanci cikin kunyar gona, fiffike guda ya rabu da jiki, batirin ya lanƙwashe. Abin da ya fi ɓata mini rai ya zo daga baya, lokacin da na gano cewa rimot ɗin da aka haɗo mini da shi a kwali ba ya magana da kowace risiba, wato na'urar da ke cikin jirgi mai karɓar umarnin rimot, sai tasa, wato da jirgin da rimot ɗin duk sun tafi a rana ɗaya.

Daga nan na ɗauki ra'ayin da nake kai har yanzu: mai koyo ya zuba mafi yawan kuɗinsa a kayan da za su zauna a ƙasa tare da shi, wato rimot da caja, ya sayi jirgi mai araha wanda ba zai ji tsoron ya faɗi ba. Jirgin farko zai faɗi, ba sau ɗaya ba kuma ba sau biyu ba, amma rimot mai kyau zai yi shekaru yana tuƙa jirage iri-iri.

Saboda haka da rimot ake farawa. A nemi wanda yake aiki a kan zangon gigahaz 2.4, a guji tsofaffin nan masu doguwar eriya irin ta rediyo da ake samu a kayan gwanjo, domin su idan mutum biyu suka haɗu a zango guda, umarnin ɗaya yana shiga jirgin ɗaya. Jirgi cikakke yana buƙatar tashoshi 4, wato hanyoyin aika umarni daga rimot, kowace da abin da take sarrafawa: totur, da jelar kwance mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, da jelar tsaye mai karkata hanci hagu ko dama, da 'yan faifan bakin fiffike masu kishingiɗar da jirgi idan zai sha kwana. Duk da haka ina ba da shawarar a sayi mai tashoshi 6 tun farko, domin ragowar biyun za su yi amfani nan gaba. FlySky FS-i6 misali ne da ya yaɗu a hannun masu koyo a duniya: tashoshinsa 6, yana riƙe saitin jirage 20, kuma da ƙananan batiran AA guda 4 yake aiki, waɗanda ake samu a kowane shago a Sabon Gari. Akwai kuma na kamfanin RadioMaster ga wanda aljihunsa ya fi nauyi. Ko wanne aka zaɓa, dole risibar da za a sa a cikin jirgin ta kasance mai jin yarensa, kuma a tabbatar an sayi tsarin da totur yake a sandar hagu, wanda shi ne tsari na 2, domin shi akasarin darussan intanet suke koyarwa da shi.

Amfanin sayen rimot da wuri shi ne ana jona shi da kwamfuta ta waya, a yi ta koyo da manhajar kwaikwayon tuƙi irin su PicaSim. A nan ne hannu yake koyon abin da ya halaka jirgina, wato juyawar hagu da dama, ba tare da an yi asarar ko farfela ɗaya ba. Na gaya wa ɗan ƙanwata kada ya fita fili sai ya iya saukar da jirgin kwamfutar lafiya sau goma a jere yana tunkaro shi. Wani abu kuma da kada a manta a saita tun ranar farko shi ne umarnin da risiba za ta bi idan sadarwa ta yanke: a sa ta kashe inji nan take, don kada jirgin ya ci gaba da gudu ya faɗa gidan mutane.

Shi kuwa jirgin, alamomin na koyo a bayyane suke. Fiffikensa yana saman jiki, kuma bakunan fiffiken sun ɗan ɗaga sama, ta yadda idan iska ta kishingiɗar da shi kuma aka saki sanda, yakan yi ƙoƙarin komawa daidai da kansa. Faɗin fiffike daga baki zuwa baki ya kai mita 1.2 zuwa 1.5. Mutane da yawa suna zaton ƙaramin jirgi ya fi sauƙi, alhali kuwa ƙarami iska take wasa da shi, kuma da ya yi nisa kaɗan ido ba ya gane inda ya dosa. Jikin ya zama na kumfar roba marar nauyi, irin wadda ake kira EPO ko EPP, domin ita idan ta karye ana manne ta da gam a ci gaba, saɓanin jirgin katako wanda yake rugurgujewa. Sannan ina fifita wanda injinsa yake bayan fiffike yana tura jirgin, kamar Easy Star na kamfanin Multiplex na Jamus ko Bixler. Dalilina na gida ne ƙwarai. Ba mu da filin ciyawa shimfiɗaɗɗe, gonaki ne da burji, don haka taya ba ta da amfani, da hannu ake cilla jirgin kuma a kan cikinsa yake sauka. Idan injin yana hanci, kowace sauka sai ya ci ƙasa, kuma maganaɗisun da ke cikinsa yana jawo ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin jar ƙasarmu, har ka ji yana ƙarar yashi idan ka juya shi da yatsa.

Akwai wani ƙaramin abu da littattafan waje ba sa faɗa. Yawancin jiragen nan farare ne, kuma a lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe sama har Dutsen Kufena ya ɓace wa ido, farin jirgi yana narkewa cikin sararin kamar ba a taɓa yin sa ba. Ni nakan liƙa jan salatif mai faɗi a saman fiffike, baƙi kuma a ƙasansa, don in riƙa bambance ciki da baya daga nesa.

Ana sayar da jirage a matakai. Akwai mai alamar RTF, wanda komai yana cikin kwali har da rimot, akwai PNP, wanda aka riga aka ɗaura masa inji da sauran kayan lantarki amma babu rimot da risiba da batir, akwai kuma gangar jiki zalla. Ga wanda ya bi shawarata ya sayi rimot daban, PNP ne daidai. Wanda kuma yake son ya harhaɗa da kansa, to ya san cewa inji da farfela da na'urar daidaita gudun inji, wato ESC, tare ake zaɓensu kamar ango da amarya. Lambar KV da ke jikin inji tana nuna yawan juyawarsa a minti ɗaya kan kowane bolt idan ba a ɗaura masa komai ba, saboda haka inji mai KV 1000 a kan bolt 11.1 zai juya kusan sau 11,000. Mai ƙaramar lamba yana jan babbar farfela, mai babbar lamba kuma ƙarama yake so. Inji mai lambar girma 2212 mai KV 1000 yakan tafi da farfela mai inci 10, mai KV 2200 kuma da mai inci 6, kuma ESC mai amfiya 30 ya ishi kowannensu. Idan aka ɗaura babbar farfela a injin mai saurin juyawa, wutar da zai ja za ta ƙona shi ko ta ƙona ESC ɗin. 'Yan injinan da ke motsa jela da faifan fiffike, waɗanda ake kira sarbo, masu nauyin giram 9 sun wadatar. In inji ya juya baibai, a musanya kowane biyu daga cikin wayoyinsa uku. Kuma duk lokacin da ake irin wannan gwaji a ɗaki, a cire farfela tukuna, domin tana yanka yatsa kamar reza.

Batir shi ne wurin da nake son mai karatu ya fi nutsuwa, domin shi kaɗai ne a cikin kayan nan zai iya tayar da gobara. Batirin da ake amfani da shi shi ne LiPo, wani nau'in batirin lithiyom, kuma ƙwayoyi ne a jere. Kowace ƙwaya ana ƙidaya ta bolt 3.7, tana cika a 4.2, kuma idan aka zuƙe ta ta sauka ƙasa da 3 ta lalace ke nan. Wanda ya dace da irin jirgin da na bayyana shi ne mai ƙwaya 3, wanda ake rubuta wa 3S, mai ƙarfin mAh 2200, wanda yake nuna bolt 12.6 idan ya cika. Ba a yi masa caji da cajar waya ko ta fitila. Sai da caja mai daidaita ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, irin iMAX B6, a kan amfiya 2.2 ko ƙasa da haka. Wannan caja tana karɓar wuta daga batirin mota mai bolt 12, abin da ya sa rashin wutar lantarki bai taɓa hana ni fita ba, sai dai a lura jabunta sun yi yawa a kasuwa. A haɗa da ɗan ma'aunin nan mai ƙara, wanda ake maƙalawa a batir ya yi kuka idan ƙwaya ta yi ƙasa, a saita shi wajen bolt 3.5, da zarar an ji shi a sauko.

Zafin Maris da Afrilu a Zariya abokin gabar batirin nan ne. Kada a bar shi cikin mota a rufe, kada kuma a ajiye shi cike da wuta na kwanaki. Idan ba za a yi amfani da shi ba, a sauke kowace ƙwaya zuwa wajen bolt 3.8, cajar tana da saitin yin haka. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake yin caji, na zuba yashi a gindinta, na ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, kuma ba na barin wurin sai ya gama. Batirin da ya kumbura ko ya lanƙwashe, irin nawa na farko, ya gama aiki, ko da kuwa yana nuna wuta. Tun da kamfanonin jigila suna da tsauraran ƙa'idoji a kan ɗaukar batirin lithiyom ta jirgin sama, gara a neme shi wurin masu sayarwa a cikin gida, kuma a sayi biyu.

Sauran kayan ba su da yawa: farfela ta ajiya kamar guda huɗu, gam wanda ba ya cin kumfar roba, salatif mai zare, da robar ɗaure kuɗi idan fiffiken da ita ake riƙe shi. Wanda bai iya dalma ba ya kai wa mai gyaran rediyo ya haɗa masa kan batir na XT60, ya tsaya a kansa don kada a juya ja da baƙi. Kafin kowane tashi a ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya bisa uku daga bakinsa na gaba, ko inda takardar jirgin ta nuna. Ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan rinjaya. Idan jela ce ta rinjaya, a matsar da batir gaba, domin jirgi mai nauyin jela ko gwani da ƙyar yake riƙe shi.

Maganar wuri kuma a Zariya ba ta wasa ba ce. Muna da filin jirgin kwaleji inda ɗalibai suke tashi da sauka ƙasa-ƙasa, muna da barikin soja a Basawa da Depot, kuma babu wanda ya kamata ya kusanci ɗayansu da abin da ke tashi. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta sanar cewa tayar da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, don haka a tuntuɓi hukumar a san matsayin irin jirgin da ake son saya kafin a biya kuɗi. Bayan izinin hukuma akwai na mai gona da na mai unguwa. Ni nakan je in gaishe su, in nuna musu jirgin a hannu su ga babu kyamara a jikinsa, in kuma roƙi manya su tsayar da yara a bayana.

Ɗan ƙanwata ya fasa sayen jirgin yaƙin. Ya sayi rimot mai tashoshi 6, kuma kusan kullum bayan sallar isha'i yana gaban kwamfuta yana gwada sauka. Shekaranjiya ya aiko mini da saƙo cewa ya kai sau bakwai a jere. Mun yi da shi cewa idan an kawar da dawa daga gonaki, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi, za mu fita da sassafe lokacin da ganye ba ya motsi, ni in cilla jirgin in kai shi sama, sannan in miƙa masa rimot.