Alhamis, ranar warwara

Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba. Na aiki yaro bakin Shari' Mansur, wani titi a nan Makka, ya sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, na haɗa shayi, na jawo jakar saƙa. Autanmu ne ya ɗora mini wannan aikin. Wata uku ke nan da ya samu aiki a Tabuk, makon jiya ya kira murya na rawa, wai "Yaya, sanyin nan ba irin wanda muka sani ba ne." Ai dole. Yaron da aka haifa a Makka, inda ko a tsakiyar marba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na sanyi da ke kamawa farkon Disamba, wani lokacin da fanka muke kwana. Shi ko can arewa, kusa da iyakar Jodan, har ƙanƙara takan sauka a kan dutsen Jabal Lauz. Na ce zan saƙa masa shal na wuya.

Zaren ulu kala uku na saya: shuɗi mai duhu, ruwan ɗorawa, da ruwan goro. Ido 41, wato ƴan madaukan zare, na ɗora a tsinke. Uku a kowane gefe na baki ne, saƙar gaba zalla ko ta wace fuska, don kada shal ɗin ya naɗe kamar tabarma. Sauran 35 ɗin su ne filin ado.

Wajen ƙarfe goma Gwaggo ta sauko daga sama da carbinta. Ita gwanar kwarashi ce, babu jaririn da aka haifa a layinmu da bai sa hularta ba, amma saƙar tsinke biyu ba ta ɗauke ta da daraja ba. Ta zauna tana kallon hannuna, can ta ce, "Ke 'yar nan, wannan idon me ya yi miki kika tsallake shi?"

Na ce ba mantuwa ba ce, Gwaggo, salon ke nan. Da kala ɗaya nake tafiya layi biyu, zuwa da dawowa. In saƙa ido uku, na huɗun in zare shi daga tsinken hagu zuwa na dama ba tare da na sa masa zare ba. Tunda ban taɓa shi ba, yana nan da kalarsa ta layin ƙasa, sai ya miƙe ya leƙo cikin sabuwar kalar. Bayan layi biyu in ajiye wannan zaren a gefe, in ɗauki na gaba. Wanda ya ga shal ɗin zai rantse zare biyu nake riƙewa lokaci guda, alhali ɗaya ne tal a yatsana.

Ta taɓe baki. "To saƙar malalata ke nan. A bar aiki a ce ado ne."

Ban musa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da ya ja ni ga salon tun farko shi ne ba na son zaruruwa suna harɗe mini. Amma lalacin nan yana da nasa sharuɗɗan. Idon da aka tsallake yana jan saƙa ta tsuke, shi ya sa na farko da na fara da tsinke mai milimita 4 ya fito da tauri kamar buhun goro, sai da na koma mai 5 ya saki jiki. Kuma ba a tsallake ido da yawa a jere, biyu ko uku iyaka, in ba haka ba zaren da ke ratsawa ta baya ya yi tsawo ya riƙa maƙale maɓalli da farce.

Ina cikin wannan wa'azin nawa ta miƙo hannu ta karɓi saƙar, ta kai ta kusa da taga. "Waɗannan ƴan sandunan da suka gitta a fuska, su ma salon ne?"

Innalillahi. Ƙa'idar ita ce zaren da ke wuce idon da aka tsallake kullum ta bayan shal zai bi. In ina saƙa fuska, in bar shi can baya. In na juya ina dawowa, bayan ne ke kallona, sai in jawo zaren gabana kafin in zare idon. Daren jiya ina saƙa ina hira da ƙawata ta Jidda a waya, ashe duk dawowa ban jawo shi ba. Layi 14, ruwan goro ya kwanta a kan shuɗi gitta-gitta. Na so in ce a bar shi, namiji ba zai lura ba. Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce komai ba. Na zare tsinke.

Warwarar irin wannan saƙa akwai cin rai, don idanun ba a layi ɗaya suke zaune ba. Waɗanda aka tsallake ƴan ƙasa ne, da ka yi sakaci sai su sulale. Da siririn tsinke na bi su ɗaya-ɗaya, Gwaggo tana naɗe mini zaren da ya lanƙwashe kamar indomi. Na ƙirga sau uku, 40 nake samu. Na arba'in da ɗayan ita ta hango shi ya gangara, ta ciro kwarashinta daga lalita ta hauro da shi cikin ƙiftawar ido. Wannan kam ta yi ta nanata shi har la'asar.

Bayan isha na auna, santimita 60, ina neman 160. Wani maƙwabcinmu direba zai yi Tabuk ranar Talata, in Allah ya yarda da shi zan aika. Na tura wa Auta hoto, ya ce ya yi kyau amma ruwan ɗorawan ya yi ihu, abokan aikinsa za su sa shi gaba. Na ce ya zaɓa, dariyarsu ko mura.

Yanzu da nake tattara kaya na nemi tsinkena masu milimita 4 da ragowar shuɗin zare ban gani ba. Yarinyata ta ce ta ga Gwaggo ta hau sama da su a cikin mayafi.