TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Daren da na kwana a Tsumago

Salamu alaikum jama'a. Wancan makon na tsaya a inda aka tura mu kwas Nagoya a Japan, to wata ukun nan duk sun shige ba abin da zan ce a kansu, dare ɗaya ne ya zauna min a rai har yau.

Wani abokin karatunmu ɗan ƙasar ne ya nace sai na ga wani tsohon gari mai suna Tsumago kafin in dawo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Nakatsugawa, bas ta kai mu Magome, daga nan kuma sai ƙafa, kilomita 8 cikin duwatsu da daji, ga ƙararrawa a bakin hanya kana kaɗawa don korar dabbar beyar. Tsohuwar hanyar Nakasendo ce da ta haɗa Kyoto da Edo, wato Tokyo ta yanzu, zango 69 ne a kanta, Tsumago shi ne na 42. Da abokina ya ce zango sai na tuna Malam Babba da labarinsa na fataken Gwanja.

Masaukin da muka sauka riyokan suke ce masa. Tun daga ƙofa ka cire takalmi, ɗaki ba gado ba kujera sai tabarmar tatami, ƙofa ta takarda ce ana ja. Wata tsohuwa ta durƙusa ta zuba mana shayi, ta ba ni rigar yukata ta nuna min da hannu a ɗora hagu kan dama, dama kan hagu na gawa ne. Na riga na ce ba alade ba giya, sai ga kifin rafi gasasshe da gishiri da shinkafa da taliyar soba, bayan na yi isha'i ta dawo ta shimfiɗa min katifa a ƙasa. Wallahi yadda take jan ƙafa a kan katakon nan sak Inna.

A nan abokina ya ce min a 1968 aka fara gyaran garin, a 1971 kuma mutanen garin suka yi alkawari a kan gidajensu, ba sayarwa, ba bayarwa haya, ba rushewa. Ai ban iya ce masa komai ba. Inna kullum cewa take gidan gado ba hatsi ba ne balle a kai shi kasuwa, tana faɗa tana dafa bangon zaure, amma ko wata shida ba ta yi a ƙasa ba Baffa ya tara mu a Zariya wai gidan ƙasa wahala ne kowace damina sai an yi yaɓe, a sayar a raba kowa ya huta. Goggo ta yi kuka, Yaya Babba ya yi shiru, ni kuma na sa hannu, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Zauren nan mai azara yanzu shaguna ne ake sai da cajar waya. Har gobe Baffa cewa yake taimakonmu ya yi.

Ban runtsa ba daren nan, ina jin ƙarar ruwa a magudanar bakin titi da ƙamshin tsohon katako, maganar Inna tana ta dawo min, ba hatsi ba ne, ba hatsi ba ne. Da asuba na ɗauko waya na nemo lambar Baffa, na daɗe ina kallonta sannan na ajiye.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo yadda muka kwashe da shi ranar sunan Inna ƙarama.