Zaman Ingila da Takardar Caje

Wanda ya kwaso iyalinsa ya dawo Ingila da zama yakan sami masu yi masa bayanin abubuwa da yawa tun kafin ya tambaya: yadda ake rajista da likitan unguwa, yadda ake biyan harajin ƙaramar hukuma, inda ake sayar da naman halal, da yadda ake lallaɓa na'urar ɗumama ɗaki don kada kuɗin gas ya cinye albashi. Abin da ba kasafai 'yan'uwa suke zaunar da baƙo su faɗa masa ba shi ne ikon da doka ta ba ɗan sanda na tsayar da mutum a kan titi ya caje shi, alhali ga mai ɗa namiji baƙar fata da ya fara tasawa, wannan bayani ya fi na gas muhimmanci. Ni a bakin wani dattijo maƙwabcinmu na fara jin sa, mutumin da iyayensa suka zo daga Jamaika, wanda ya yi samartakarsa a kudancin Landan kafin ya dawo garin da muke zaune a arewacin ƙasar.

A zamanin samartakar tasa, in ji shi, da wata tsohuwar doka ta 1824 ake aiki, wadda ta ba ɗan sanda damar kama mutum bisa zato kawai cewa yana shirin aikata laifi, kuma samari baƙaƙen fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. A watan Afrilun 1981 'yan sanda suka yi wa unguwar Brixton da ke kudancin Landan dirar mikiya suna tsayar da ɗaruruwan mutane, unguwar kuwa ta kama da wuta. A shekarar aka soke wannan sashe na tsohuwar dokar, alƙali Lord Scarman ya fitar da rahotonsa kan tarzomar, sannan a 1984 aka kafa dokar da har yau ita ce ginshiƙin aikin 'yan sanda a Ingila da Wales.

Abin da dokar ta shimfiɗa ba shi da wuyar fahimta. Ɗan sanda ba ya caje mutum sai yana da dalili mai ƙwari na zargin cewa yana ɗauke da makami, ko kayan sata, ko wani abu da aka haramta, kuma launin fata, ko shekaru, ko irin tufafin da mutum ya sa, ko tsohon laifinsa, ba sa zama dalili. Kafin ya sa hannu a aljihun kowa, wajibi ne ya faɗi sunansa da caji ofis ɗin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin zarginsa, da dokar da ya dogara da ita. In kuwa ba ya sanye da kayan sarki, sai ya nuna katinsa. A bainar jama'a, rigar sanyi ta sama, da jaket, da safar hannu kaɗai yake iya sa mutum ya cire, abin da ya shafi hijabi ko rawani kuma ƙa'ida ta ce a yi shi a keɓe. Daga ƙarshe akwai takarda: kowane caje sai an rubuta shi, wanda aka caje kuma yana da haƙƙin karɓar kwafi nan take ko cikin wata uku.

Wannan takarda ita ce ta fi ɗaukar hankalina, musamman bayan an tsayar da babban ɗana wata ranar hunturu yana dawowa daga ƙwallo, ya ja hular rigarsa ya rufe kai saboda sanyi. Jami'ai biyu suka ce sun ji warin tabar wiwi daga wajensa, suka zazzage jakarsa a kan dakalin tashar bas, ba su sami komai ba sai takalmin ƙwallo mai laka da gorar ruwa. Ba su zage shi ba, ba su sa masa ankwa ba, ɗayansu ma ya yi masa godiya da suka gama. Amma da suka tambaye shi ko yana son takarda, sai ya ce a'a. "Baba, ni dai so nake su tafi, mutane suna kallo," in ji shi da ya iso gida, hannunsa na rawa yana ƙoƙarin kwance igiyar takalmi. Mahaifiyarsa ma ra'ayinta ke nan, cewa tunda Allah ya tsare, a bar maganar, kada sunan yaro ya shiga kwamfutar hukuma muna tsakiyar neman sabunta takardun zama.

Na fahimci tsoronta sarai. Mu da muka taso muna ratsa shingen bincike a hanyar Kano zuwa Kaduna mun san cewa hikimar matafiyi ita ce ya ce "ranka ya daɗe", ya rage murya, ya wuce ba tare da ya bar wata alama a baya ba. Sai dai a nan wannan ɗabi'a tana cutar da mu. Caje ba kamu ba ne, ba kuma hukunci ba ne, jami'in zai rubuta nasa bayanin ko an karɓi kwafi ko ba a karɓa ba. Abin da ƙin karɓar yake jawowa kawai shi ne labarin ya zauna a hannun ɓangare ɗaya. Washegari na raka yaron caji ofis muka nemi kwafin, aka ba mu, muka kuma ga cewa wari shi kaɗai aka rubuta a gurbin dalili, duk da cewa ƙa'idojin horar da 'yan sanda na ƙasar sun nuna cewa dogara da wari kaɗai ba kyakkyawan aiki ba ne.

Kusan duk wani gyara da aka samu a wannan fanni daga karanta irin waɗannan takardu ya fito. Bayan kisan wariyar launin fata da aka yi wa Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, a Landan a 1993, rahoton binciken alƙali Macpherson na 1999 ya matsa lamba a riƙa rubuta tsayarwa tare da ƙabilar wanda aka tsayar. A 2013 hukumar da ke duba ayyukan 'yan sanda ta karanta takardun caje 8,783, ta tarar da cewa kashi 27 cikin ɗari ba su ɗauke da dalilin da doka take buƙata. Wannan ne ya ba Theresa May, ministar cikin gida a lokacin, ƙarfin guiwar kawo sauye-sauyen 2014, kuma yawan caje ya sauko daga sama da miliyan guda a shekara zuwa ƙasa da 300,000 a 2017 zuwa 2018, kafin ya sake haura rabin miliyan. Daga takardun ne kuma aka san cewa kusan bakwai cikin kowane caje goma suna ƙarewa ba tare da an ɗauki wani mataki ba, cewa ƙwaya ake nema a mafi yawansu ba wuƙa ba, kuma cewa a wajajen 2019 ana tsayar da baƙar fata kusan ninki tara na farar fata, yanzu kuma kusan ninki huɗu.

Maƙwabcin namu ne ya ja ni cikin kwamitin mutanen gari masu sa ido kan caje, irin wanda rundunoni da yawa suke da shi. Ana zama a wani ɗakin taro da shayi mai sanyi, a zaɓo wasu takardu, a kunna bidiyon kyamarar da jami'ai suke maƙalawa a ƙirji, mu kalla mu faɗi ra'ayinmu. A nan ne na daina ɗaukar maganar horo a matsayin maganin komai. Yawancin jami'an sun haddace abin da ya kamata su faɗa, suna kuma zubo shi da sauri kamar ɗalibin da ke biya hadda, ta yadda yaron da ke tsaye gabansu, balle wanda Turancinsa bai nuna ba, ba ya kama ko kalma ɗaya. A takarda an cika sharaɗi, a bidiyo kuwa kana ganin fuskar mutumin da bai san me ya sa ake taɓa jikinsa ba. Na kuma ga jami'an da suka yi aikin da natsuwa, suka tambayi yaro ko ya gane, suka ja shi gefe daga idon jama'a, har aka rabu ana dariya. Horo ɗaya aka ba su duka. Bambancin, a nawa ganin, yana ga ko sajan ɗin da ke sama da su yana duba aikinsu ko sa hannu kawai yake yi.

Kada dai mai karatu ya ɗauka cewa kwamitin yana da haƙora. Shawara muke bayarwa, ba ma iya hukunta kowa. Ko hukumar da ke sauraron ƙorafi kan 'yan sanda, wadda aka sake wa fasali a 2018, manyan ƙorafe-ƙorafe take bincika da kanta, sauran kuma rundunar da ake ƙara ita ke duba su. 'Yan tseren nan Bianca Williams da Ricardo dos Santos, waɗanda aka sa wa ankwa a Landan a watan Yulin 2020 jaririnsu yana cikin mota, sun jira har 2023 kafin a kori jami'ai biyu, a 2024 kuma aka mayar da jami'an bakin aiki bayan ɗaukaka ƙara. Yarinyar nan 'yar shekara 15 da 'yan sanda suka tuɓe don caje a makarantarta a Hackney, wata unguwa a Landan, a 2020, ita ma bisa zargin warin wiwi, sai a 2022 jama'a suka ji labarinta, kuma bayansa ne kwamishiniyar kare haƙƙin yara ta tattara alƙaluma ta gano cewa an tuɓe yara sau 2,847 daga 2018 zuwa tsakiyar 2022, fiye da rabi ba tare da an tabbatar da kasancewar wani babba mai tsaya musu ba. Ga kuma sashe na 60 na wata doka ta 1994, wanda ya ba sufeto ikon amincewa a caje kowa a wani yanki har sa'o'i 24 ba tare da zargi ba, aka kuma sassauta sharuɗɗansa a 2022.

Abin da nake faɗa wa sababbin zuwa a masallaci bayan sallar Juma'a bai wuce kaɗan ba. Yaro ya natsu, kada ya gudu, ya tambayi dalili, ya karɓi takarda. In akwai ƙorafi a kai shi da wuri, domin a rundunoni da yawa ana goge bidiyon da ba a ware ba bayan kusan wata guda. Masu tuƙa tasi da masu kai saƙo, waɗanda su ne da yawa daga cikinmu, nasu lamarin daban ne, domin dokar hanya ta 1988 ta ba ɗan sanda mai kayan sarki damar tsayar da kowace mota ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma irin wannan tsayarwa ta daɗe ba a rubuta ta. Wasu rundunoni sun fara rubutawa a 'yan shekarun nan, kwamitinmu kuma ya nemi a riƙa kawo mana waɗannan alƙaluma tare da na masu tafiya a ƙasa.