Kafin ka je sauraron jaz a Village Vanguard

Duk mai niyyar zuwa Village Vanguard, gidan kiɗan jaz a birnin New York, ya san wurin ɗan ƙarami ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, mai kusurwa uku, kujeru kusan 123, kuma tun 1935 yake nan. Maƙaɗi ɗaya da 'yan ƙungiyarsa kan riƙe dandalin daga Talata zuwa Lahadi, wasa biyu kowane dare. Litinin kuwa ta babbar ƙungiyar gidan ce, al'adar da mai busa ƙaho Thad Jones da mai ganga Mel Lewis suka fara a 1966.

Sayi tikiti tun da wuri, na ƙarshen mako kan ƙare. Tikitin ba ya kama maka kujera, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. A ganina tsakiyar ɗakin ya fi. Idan ka manne wa mai ganga, ƙarar faifan tagullarsa za ta danne fiyano, ka tashi ba ka ji rabin kiɗan ba.

Ba a sayar da abinci, don haka ci naka kafin ka sauka. Kashe waya, kuma ban da hira, ko raɗa ana ji a wannan ɗakin. Tafa hannu kuwa, sai mai busa ya gama nasa zagayen.