Darussan da na koya kan sayen tsohon kwale-kwale da rani

Idan ruwan Kainji ya ja baya, daga Yauri har Warra za ka ga jirage a kife bakin gaɓa, masu su na neman kuɗin taki. Farashi kan sauko sosai, amma a lokacin ne aka fi cutar mai saye.

Babbar asara ita ce biyan kuɗin jirgi yana kan tudu. Katako in ya sha rana yakan tsuke, haɗin ya buɗe, sai dillali ya sa a cusa tsumma, a shafe da kwalta, a bi da sabon fenti. Ido ba ya gane ruɓa a ƙarƙashin wannan kwalliya. Ka sa a tura shi ruwa ya kwana biyu. Yoyon rana ta farko ba komai ba ne, katako ne ke kumbura. Wanda ya ci gaba a rana ta uku, ƙusa ce ta saki ko katakon ya mutu. Sannan a loda masa buhuna, don wani haɗin ba ya zuba sai nauyi ya danne shi. Ka bi gindin da tsinin wuƙa, musamman wajen da ake ɗaura inji da kewayen kowace ƙusa mai tsatsa. Madaci mai lafiya ba ya karɓar wuƙa. Dillalin da ya ce "ai ba sai an jiƙa ba", la'adarsa yake karewa, kuma ba ya cikin jirgin ranar kasuwa. Wanda ya tuna jirgin da ya tsage da fasinjoji kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Inji kuwa, a tayar da shi da sanyinsa, kada ka yarda da wanda aka ɗumama kafin ka iso. Kwance kusar man giya: in ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. In injin ba ya fitsari da ƙarfi, wato siririn ruwan sanyaya da yake fesowa, robar famfon ruwa ta cinye, zafi zai kashe shi a tsakiyar tafki. Tambayi yadda ake haɗa masa mai. Yamaha Enduro rabin lita na baƙin mai yake so a lita 25 ta fetur. Lanƙwasasshiyar farfela alama ce ta karo da kututture, ka duba sandarta ma.

A rubuta takardar ciniki da lambar inji a gaban Sarkin Ruwa, saboda injin sata na yawo. Ka ware kuɗin kafinta da rigunan ruwa tun kafin ka yi tayi.