AICDA: Ƙwayar Gadon da Ke Ɓata DNA da Gangan Domin Kare Jiki

Ƙwayoyin gado masu sarrafa furotin a jikin ɗan Adam ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma jikin nan yana iya ƙera antibodi, wato sinadaran kariya da ke yawo cikin jini suna damƙe ƙwayoyin cuta, iri daban-daban har biliyoyi. Yadda abu kaɗan ke haifar da wannan tulin ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Susumu Tonegawa, ɗan ƙasar Japan, ya warware rabin matsalar a 1976 a birnin Basel, inda ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B suna yanka guntayen DNA ɗinsu su sake harhaɗa su, kuma saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1987. Sai dai harhaɗawar tana gudana ne a cikin ɓargo tun kafin jiki ya yi arba da cutar, don haka laluben duhu ce. Rabi na biyu yana farawa ne bayan cuta ta riga ta shigo, kuma ƙwayar gado guda ce ke riƙe da ragamarsa, wato AICDA.

Tana zaune a kan kuromosom na 12, ɗaya daga cikin dunƙulallun igiyoyin DNA da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma tana sarrafa wani ƙaramin inzayim, wato furotin mai sauya wasu sinadarai, mai suna AID, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto ya gano a 1999. An rubuta DNA da haruffa huɗu, A, C, G da T, shi kuwa AID yakan ciro wani ɗan ɓangare daga harafin C ya mayar da shi U, harafin da ba shi da gurbi a DNA. Nan take sinadaran da ke gyaran DNA sukan rugo domin su kawar da baƙon, amma a cikin ƙwayoyin B gyaran nasu cike yake da kurakurai, kuma kurakuran ne ake nema. A sashen DNA da ke ɗauke da tsarin bakin antibodi, wato ɓangaren da ke damƙe ƙwayar cuta, akan samu kusan sauyi ɗaya a cikin kowane haruffa dubu duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, wanda ya ninka na sauran sassan jiki kusan sau miliyan.

Wannan aiki yana gudana a wasu ƙananan cibiyoyi cikin kaluluwa da saifa. Ƙwayar B da ta gane cuta takan hayayyafa da sauri, kowace daga cikin 'ya'yanta na ɗauke da antibodi mai ɗan bambanci, tamkar mai yankan makulli da ya yanko ɗaruruwa yana gwada su a kwaɗo ɗaya. Mafi yawansu sukan fito da lahani ko kuma ba su fi na asali ba, sai su mutu a wurin, yayin da 'yan kaɗan da suka fi kama cutar gam sukan tsira su sake shiga zagaye na gaba. Bayan makonni ana tacewa, antibodin da ya rage ya fi na farko ƙarfin riƙo nesa ba kusa ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake maimaita wasu alluran rigakafi.

AID na da aiki na biyu. Antibodin farko da jiki ke fitarwa shi ne IgM, mai girma da nauyi. Idan AID ya raunata wasu wurare na musamman har igiyar DNA ta tsinke, akan cire wani yanki a haɗa sauran, sai ƙwayar ta koma sarrafa IgG da ke ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan tayi, ko IgA da ke cikin nono da miyau da hanji, ko IgE da ke yaƙar tsutsar ciki. Da farko Honjo ya ɗauka cewa RNA, wato kwafin saƙon da ake ɗauka daga DNA, shi ne inzayimin ke gyarawa, amma daga baya Michael Neuberger da abokan aikinsa a Cambridge suka kawo hujja a 2002 cewa DNA ɗin kansa yake taɓawa. Honjo ya samu Nobel a 2018, amma kan wani furotin daban mai suna PD-1, ko da yake a ganina gano AID kaɗai ya isa a karrama mutum.

A shekarar 2000 likitoci a asibitin Necker da ke Paris suka bayyana yaran da suka gaji AICDA mai lahani daga uwa da uba. Jininsu na da IgM daidai ko fiye da kima, amma kusan babu IgG da IgA, kaluluwarsu kumbure take, kuma ciwon huhu da na hanji ba ya barinsu sai ana yi musu ƙarin antibodi a kai a kai.

Matsalar ita ce AID ba ya tsayawa iya inda aka aike shi. Wani lokaci yakan tsinka DNA a kusa da ƙwayar gado mai suna MYC a kuromosom na 8, wadda ke umartar ƙwayoyi su hayayyafa, sai gyara ya liƙa ta bisa kuskure a jikin sashen antibodi na kuromosom na 14, wurin da a ƙwayoyin B kullum yake a kunne. Daga nan ƙwayar ba ta daina rabuwa. Wannan shi ne tushen sankarar Burkitt, wadda likitan fiɗa Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta Uganda. Da ya bi sawunta a taswirar Afirka sai ya tarar ta fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, daga baya kuma aka lura cewa nan ne zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari. A Ibadan ma an yi aiki mai yawa a kanta, har likita Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru ya samu kyautar Lasker a 1972 saboda jinyar masu ita da magani.

An ɗauki shekaru kafin a fahimci abin da ya haɗa sauro da sankara, kuma AID ne ya cike gurbin. Binciken da aka wallafa a 2014 kan kaluluwar maƙogwaro da aka cire wa marasa lafiya a Gana ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin suna da AID fiye da kima a ƙwayoyinsu na B, sannan a 2015 masana a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa zazzaɓi mai daɗewa yana tsawaita aikin cibiyoyin nan tare da yawaita tsinkewar DNA. Akwai kuma ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka fara ganowa a 1964 cikin irin wannan ƙari, da ke hana ƙwayar da ta lalace mutuwa. Yaron da zazzaɓi ke kayarwa kowace damina, ƙwayoyinsa na B ba sa samun hutu, shi ma AID ba ya samu. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, saboda haka ban ɗauki wannan a matsayin labarin ɗakin bincike kawai ba. Ƙarin Burkitt na iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma wannan saurin ne kuma ke sa magungunan sankara su kama shi sosai idan an kai yaro asibiti da wuri.