Godiya ga duk wanda ya sa hannu, laburaren nan ya tashi a ko'ina

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, ɗan laburaren nan namu, wato tarin kod da wasu manhajoji ke amfani da shi, wanda muka rubuta da yaren kwamfuta na C, mai yanka rubutun Hausa kalma kalma yana jera su bisa harufanmu yanzu yana aiki a Linux da Windows da macOS da wayar Android, kuma kwamfailoli, wato manhajojin da ke juya kod ya zama abin da inji zai gudanar, GCC da Clang da MSVC duk suna haɗa shi ba tare da kuka ba. Na ce ba zan bari abin ya wuce shiru ba sai na gode wa mutanen da suka yi wahalar nan tare da ni, don wallahi da ni kaɗai ne da har yau yana nan a kwamfuta ɗaya.

Zan fara da ƙanina na Damagaram da ya fara ɗora shi a waya ya dawo ya ce yaya, duk kalmar da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ tana tsagewa gida biyu. A kwamfuta lafiya lau, a waya ɓarna. Shi ya zauna da data ɗinsa yana turo hoton allo har muka gano bakin zaren. A UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffa a matsayin lambobi, harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153, to a injin Intel char, wato nau'in da C ke ajiye bayit ɗaya a ciki, yana da alama, ma'ana yana iya yin ƙasa da sifili, 198 ɗin nan sai ya koma -58, kod ɗin kuma yana gane harafi mai ƙugiya ne ta hanyar duba ko lambar ta gaza sifili. A injin ARM na wayar Android kuwa char ba shi da alama, ba zai taɓa gaza sifili ba, kuma ka'idar C ta bar wa kowace kwamfaila ta zaɓi wanda take so, babu wanda ya karya doka. Mun mayar da komai uint8_t, nau'in bayit da ba shi da alama a kowane inji, magana ta ƙare. Ƙanina Allah Ya yi maka albarka.

Sai Hajiyarmu da ke aikin manhaja a Jamus, ita ta ɗauki nauyin Windows gaba ɗaya, ni ko injin Windows ba ni da shi. Nan ne aka fi shan wuya gaskiya. Na farko long, nau'in ajiye lamba a C, a Windows bayit 4 ne ko da injin mai bit 64 ne, alhali a Linux da macOS bayit 8, fayil ɗin ƙamus na laburaren da aka rubuta a ɗayan injin sai ya zo ɗayan ana karanta shirme. Na biyu idan ka buɗe fayil da fopen ba ka sa "rb" ba, wato alamar a karanta bayit yadda suke, Windows yana taɓa maka ƙarshen layi, kuma in ya ci karo da bayit 26 sai ya ɗauka fayil ya ƙare ya tsaya cak. Na uku wanda ya fi ba ni haushi, fayil mai suna irin ƙamus.txt ya ƙi buɗuwa sam saboda harafin farko, sai da Hajiya ta juya sunan zuwa UTF-16, tsarin haruffan da Windows ke amfani da shi, ta kira _wfopen maimakon fopen. Ga MSVC da ba ya karɓar jerin da ake sanin tsawonsa sai lokacin aiki duk da ka'idar C ta 1999, wato C99, ta halatta, ga kowane aiki (function) da ake so DLL, wato fayil ɗin laburare a Windows, ya fitar sai an manna masa __declspec(dllexport). Bayan ta tashi daga ofis take zama ta yi wannan duka, ga yara, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Hajiya Allah Ya saka da alheri Ya raya zuri'a.

Malamina da ya koya min C tun ina makaranta shi ya hana mu watsa #ifdef, umarnin da ke ware kod ɗin wani inji daban, a ko'ina, ya ce a tara duk abin da ya shafi bambancin inji a fayil ɗaya sauran kod ɗin ya zauna bai san ina yake ba. A ganina wannan shawarar ta fi duk gyaran da muka yi daraja, don yanzu mutum zai iya karanta laburaren ba tare da kansa ya juya ba. Malam na gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Akwai wani bawan Allah ko saninsa ban yi ba, ya gwada a Alpine, wani nau'in Linux, ya ga yana faɗuwa, ya bi diddigi ya gano musl, babban laburaren C da Alpine ke amfani da shi, tana ba kowane zare (thread, wato reshen aiki a cikin manhaja) kilobayit 128 ne kacal na wurin aiki inda glibc ta yawancin Linux ta saba ba da megabayit 8, ya turo gyaran a shirye. Wani kuma ya ja hankalinmu cewa GCC 14 ya daina lamuntar a kira aikin da ba a bayyana shi ba, shi ya sa strdup, aikin kwafe rubutu da muke kira, ya maƙale. Ga wanda ya rubuta mana fayil ɗin CMake mai tsara yadda ake haɗa laburaren ya kuma haɗa GitHub Actions mai gwada kod da kansa, yanzu duk canjin da aka turo sai an gwada shi a injuna uku kafin ya shiga. Allah Ya biya ku duka.

Ba zan manta da maƙwabcina mai shagon caji ba da yake barina in jona kwamfuta in an ɗauke wuta, da uwargida da ta yi haƙuri da zaman dare.

Abin da ya rage yanzu FreeBSD ne, wani tsarin gudanar da kwamfuta mai kama da Linux, da injin da ke jera bayit daga babba zuwa ƙarami irin s390x na IBM. Mun rubuta karatun ƙamus ɗin bayit bayit yadda ya kamata ya yi aiki a can, muna dai son wani ya gwada a inji na gaske. Duk mai hanya don Allah ya yi min magana ta inbos. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci.